Ina kuromosom ke zama idan ƙwayar halitta ba ta rabuwa?

Malamar Bayoloji:
Assalamu alaikum. Jiya ina koyar da 'yan SS2 rabuwar ƙwayar halitta, na zana musu kuromosom na mutum, wato dunƙulen zaren gado (DNA), a allo yadda muka saba, masu siffar X, biyu-biyu har 23. Sai wata yarinya da ke zama can baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, idan ƙwayar ba ta rabuwa, haka suke a jere a ciki?" Na ce mata warwarewa suke yi, su cakuɗe kamar taliya a tukunya. Ina kallo ta rubuta a littafinta. Tun da na dawo gida abin ke damuna. Zaren DNA na ƙwaya ɗaya ya kai kusan mita 2, cibiyar ƙwayar da ke ɗauke da shi kuwa faɗinta bai wuce maikuromita 10 ba, wato ɗaya bisa ɗari na milimita. A cakuɗe suke, ko kowanne da wurinsa? Litinin zan koma ajin, ba na son in bar ta da kuskure.

Ɗan Lab:
Wa alaikumus salam, Malama. Warwarewa kam suna yi, amma ba sa cakuɗewa. Kowane kuromosom da yankinsa, kamar babban gida, kowa da sashensa, sai dai a haɗu a bakin danga. Carl Rabl ya fara hasashen haka a 1885, Theodor Boveri ya ƙarfafa shi a 1909, amma aka daɗe ana musu.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na wasu 'yan'uwa biyu a Jamus, Thomas da Christoph Cremer. Sun haska siririn hasken leza a ɗigo ɗaya cikin cibiyar, suka jira ƙwayar ta zo rabuwa, sannan suka duba inda lahanin ya faɗa. Da taliya ce, ɗigon nan zai ratsa zaruruwa masu yawa. Sai ga shi kuromosom kaɗan ne suka ji rauni. Daga baya aka samo hanyar rina kowanne da launinsa, aka gan su dunƙule-dunƙule a madubin ƙara girma.

Ki ba ta misalin kuromosom na 18 da na 19. Girmansu bai yi nisa da juna ba, amma na 19 yana ɗauke da ƙwayoyin gado fiye da 1,000, na 18 kuma nasa ba su kai 300 ba. A fararen ƙwayoyin jini za ki tarar da na 19 can tsakiyar cibiya, na 18 kuma ya raɓe a jikin bangonta.

Yaya Nas:
Malama, ki dai kula kada su ɗauka kowanne na da kujerarsa ta dindindin. Tsarin yana bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya, abin da aka gani shi ne inda ya fi yawan zama. Kuma maƙwabtakar nan tana shiga harkar lafiya. Sankarar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, yawanci tana faruwa ne idan na 8 da na 14 suka karye suka yi musayar gutsure. Sai tsinkakkun bakunan sun kusanci juna kafin su manne. Na yi jinyar yara masu ita, shi ya sa ba na ɗaukar zancen nan a matsayin karatun jarrabawa kawai.

Ki kuma gaya mata a jikinta ma akwai misali: ɗaya daga cikin kuromosom biyu na jinsi da mace ke da su, waɗanda ake kira X, yana dunƙulewa ya yi shiru, galibi a gefen cibiyar. Murray Barr da ɗalibinsa Ewart Bertram ne suka fara ganin dunƙulen a 1949.

Malamar Bayoloji:
Allah Ya saka muku da alheri, Yaya da Ɗan Lab. Na riga na sayo zaren saƙa kala shida. Zan dunƙule kowanne daban in zuba a ƙwarya, ja a tsakiya a matsayin na 19, shuɗi a gefe. A wata ƙwaryar kuma zan cakuɗa su, in ba yarinyar allura ta soka a duka biyun, ta ƙirga launi nawa ta taɓa. Zan fara da gaya wa ajin cewa amsar da na bayar ba daidai ba ce, kuma tambayarta ce ta sa na bincika.