Waɗanda suka taɓa haɗa layin E1 ko SIP da intakom ɗin ofis, yaya kuka ƙare?

Ɗan Sharaɗa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutoci da wayoyi a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kano. Intakom ɗinmu yanzu haka yana jingine ne da wani ɗan akwati mai cin SIM takwas. Kwastoma ya kira wannan lamba ya ji ana magana, ya koma waccan, daga ƙarshe ya haƙura ya kira wayar manaja ta hannu. Oga ya gaji, ya ce lamba ɗaya yake so a rubuta a jikin motoci, ko mutum goma suka kira a tare ta shiga. Kamfani biyu muka tuntuɓa, ɗaya ya ce E1 zai ba mu, ɗaya ya ce SIP, wato kiran da ke bi ta hanyar sadarwa irin ta intanet. Bayanin takarda na karanta. Wanda ya taɓa tsayawa a kan aikin ranar haɗawa nake so ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Baba Mai Fansho

Wa alaikumus salam ɗana. A NITEL na tsufa, kuma bayan na bar aiki ban daina shiga ɗakunan PBX, wato akwatin intakom, na mutane ba.

E1 waya ce guda da aka raba gida 32, kowane gida yana ɗaukar kilobit 64, jimla megabit 2.048. Gida na 0 na daidaita tafiyar layin ne, na 16 shi ke kai saƙon lambar da aka buga da wadda ta kira. Saura 30 su ne na magana. To kada mai sayarwa ya ce maka kira 32 za ka yi a tare.

Abin da ya fi ba ni wahala a wannan aiki agogo ne, wato abin da ke daidaita saurin tafiyar layin tsakanin akwatinka da na kamfani. Wani otal aka taɓa kira na, sabon layi, fitilar katin E1 da ke cikin akwatin kore shar, kira yana shiga yana fita. Amma kana cikin magana sai ka ji ƙas, can kuma ƙas, fas ɗinsu, wato fax, ba ya kai rabin shafi, wani lokaci kira ya yanke haka kawai. An canza kebul, an canza kati, an yi ta zagin kamfanin layi a waya. Da na buɗe saitin sai na tarar akwatin yana bin agogon cikinsa, alhali na kamfanin layi ya kamata ya bi. Liman biyu kenan a sallah ɗaya, kowa da ruku'unsa. Ana mayar da shi mamu ƙarar ta ɗauke. Na nuna wa yaron da ya haɗa inda akwatin ke ƙirga zamewar layi, lambar tana ta hawa tun ranar farko, babu wanda ya leƙa wurin.

Sai CRC4, wani saiti ne na duba kurakuran layi. Wani kamfani yana kunnawa, wani ba ya kunnawa. Idan naka bai yi daidai da nasu ba, layin ko dai ya ƙi tashi ko ya riƙa tashi yana faɗuwa. Tambaya ɗaya ce, amma sai ka samu wanda ya san amsar a wurinsu.

Injiniyan Wuse

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, maganar agogon nan haka take. Ni kuma abin da na fi cin karo da shi a Abuja kebul ne da kayan gwanjo.

Ramin E1 kamarsa ɗaya da na kwamfuta, shi ya sa ake ruɗewa. Amma shi da fil na 1 da 2 da 4 da 5 yake aiki, na kwamfuta kuwa 1 da 2 da 3 da 6. Idan akwatin kamfanin layi da naka suna buƙatar kebul mai juyi, wanda ake sayarwa na kwamfuta ba zai yi ba, sai ka matse naka: 1 ya tafi 4, 2 ya tafi 5. Kullum akwai wani ɗan kai a jakata da na haɗa 1 da 4, 2 da 5 a cikinsa. In na cusa shi a katin jar fitilar ta mutu, na san kati lafiya yake, matsalar daga waje ce. Da shi nake kashe gardama da injiniyoyin kamfanin layi tun ba a fara ba.

Wani ofis kuma da muka je, an kawo musu layi a kan zagayayyar waya mai kan murɗawa, wato mai om 75, katinsu kuwa na om 120 ne. Ɗan abin da ke haɗa su bai kai akwatin ashana biyu ba, amma babu shi a wurin, aiki ya kwana.

Ɗan Sharaɗa, in oganka ya ce zai sa a sayo kati mai araha daga Amurka, ka tsaya ka duba. Can T1 suke amfani da shi, megabit 1.544, kira 23. Wasu katunan suna da ɗan maɓalli da ake juyawa su koma E1, wasu ba su da shi. Ko ya juyu, ka tabbata sautin yana kan A-law, ba mu-law na Amurka ba. Na taɓa jin layin da aka bari a kan mu-law, ana gane magana amma a shaƙe take da kaushi, har mutanen ofishin suka ɗauka wayoyin tebur ɗin ne jabu.

Hajiyar Ofis

Ni ba injiniya ba ce, harkar gudanarwa nake riƙewa a wani asibiti mai zaman kansa. Abin da ya same mu ba na ranar haɗawa ba ne, daga baya ya zo.

Kun tuna NCC ta sa an ƙara 02 a gaban lambobin wayar tebur, Legas ta tashi daga 01 ta koma 0201, Abuja 0209, Kano 02064, kuma daga 1 ga Janairun 2024 tsohon tsari ya daina aiki? To mun dawo hutun sabuwar shekara, mai kula da magunguna ta zo ta ce ba ta iya kiran dilolinmu na Legas. Tana buga sabuwar lamba tun ba ta gama ba wayar ke katse ta. Ashe wanda ya haɗa mana ya koya wa akwatin cewa lamba mai tsawon 11 sai in ta fara da 07 ko 08 ko 09 za ta fita. Bai san da 020 ba, don lokacin babu ita. Shi kuma ya bar gari, kalmar sirrin shiga akwatin tana kansa, ba a rubuce take ko'ina ba. Sai da muka bi ta wajen ɗan'uwansa muka same shi. Tun daga nan duk mai yi mana aiki ba na sa hannu a biya shi cikon kuɗinsa sai ya kawo kalmar sirri da saitin duka a rubuce, na kulle a durowa.

Abban Sabuwar Fasaha

Da girmamawa ga Baba da Injiniya, amma ni ban ga dalilin sabon ofis ya sayi katin E1 a yau ba. Duniya SIP ta koma, hatta Panasonic da akwatunansu suka cika ofisoshinmu sun sanar tun ƙarshen 2020 cewa za su bar wannan kasuwa. Da SIP babu kati, babu agogo, kuma kana iya ɗaukar kira goma yau, baɗi ka ƙara biyar ba tare da an ja sabuwar waya ba.

Ba na ce ba shi da nasa ciwon kan ba. Na farko da na haɗa a kan manhajar intakom mai suna Asterisk, layi ya yi rajista, waya tana ƙara, a ɗauka, mu muna jin su, su ba sa jin mu. Dalili shi ne kamfanin ya ja mana faiba ta musamman, ya ba mu adireshin na'urar da ke karɓar kira, bai faɗi cewa sautin daga wani adireshi daban yake fitowa ba. Akwatin ya riƙa neman sa ta hanyar intanet ɗin ofis. Layi ɗaya na ƙara a teburin hanyoyi magana ta dawo.

Akwai kuma kiran da ke yankewa daidai daƙiƙa 32, kullum, ba ƙari ba ragi. In ka ga haka kada ka wahalar da kanka da zargin sabis. Saƙon tabbatar da an ɗauka ne bai isa ba, sai na'ura ta jira iya wa'adinta ta kashe. Sau da yawa rauta ce ke da wani abu a kunne mai suna SIP ALG, wai taimako yake, ɓarna yake. Kashe shi.

Baba Mai Fansho

Ɗana Abba, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a watan Maris na 2024, ina naka SIP ɗin yake?

Abban Sabuwar Fasaha

Baba ka kama ni, amma rabi. Waɗanda nasu ke bi ta intanet zuwa wata na'ura a Turai sun sha wuya ranar. Namu da ke kan faibar kamfanin layi kai tsaye bai ko girgiza ba. Shi ya sa zan ce wa Ɗan Sharaɗa ya tambaye su tun yanzu: ta ina layin zai bi? In ta intanet ɗin ofis ne, ya sani kowane kira mai tsarin sautin da ake kira G.711 yana cin kusan kilobit 87 zuwa da kuma dawowa. Ba yawa ba ne, amma da wani ya fara sauke bidiyo a ofis za ka ji murya tana kakkaryewa, sai in an ba magana fifiko a rauta.

Na Maraɗi

Sannunku da aiki. Mu nan ba saiti ne ya fi damunmu ba, kuran ne, wato wutar lantarki. Wayar tebur ta da, daga kamfani wutarta ke zuwa ta cikin layin, ko gari ya yi duhu tana aiki. Wannan sabon tsari kuwa komai sai wutar gidanka: akwatin kamfanin layi, da PBX, da suwic ɗin da ke ba wayoyin tebur wuta. Lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2023, wani biro da nake kula da shi sun sa batir wa PBX kaɗai. Ana ɗauke kuran akwatin yana nan a kunne, wayoyin duk sun mutu, mai kira yana jin tana shiga babu mai ɗauka. Ka lissafa ukun nan a kan inbata ɗaya.

Kuma kafin damina ta kama ka duba sandar tagullar da aka kafa a ƙasa. Layin da aka ja zuwa ɗakin maigadi ta waje, shi ya jawo tsawa ta ƙone kati guda a wata makaranta, ina ji ina gani.

Akantan da ya ga bil

Ni ban san fil na 1 ko na 4 ba, takardar kuɗi na sani. Ranar wata Litinin aka kira mu daga kamfanin layi ana tambaya ko mu ne muka kwana muna kiran ƙasashen waje tun daren Juma'a. Ofis a rufe, babu kowa. An bar ƙofar 5060, wadda kiran SIP ke shigowa ta cikinta, a buɗe don wani darakta ya riƙa amsa wayar ofis daga gida, lambarsa ta ciki 101, kalmar sirrinsa ma 101. Kuɗin kwana biyun nan ya fi abin da muke biya a shekara, kuma kamfanin ya ce daga akwatinmu kiran ya fito, babu ragi. Ka ce su rufe kiran waje tun daga wurinsu. In akwai mai buƙata da gaske, a ba shi lambar sirri, a sa iyakar kuɗi.

Ɗan Sharaɗa

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka. Akanta, maganarka na tura wa oga kai tsaye. Tambaya ɗaya: muna da wayoyin tebur kusan 40, kira nawa ya kamata mu saya? Kuma akwatin SIM ɗin, mu jefar?

Injiniyan Wuse

Ba yawan wayoyi ake dubawa ba, kiran cikin gida ba ya taɓa layin waje. Buɗe tarihin kira na ranar da kuka fi cunkoso, wataƙila Litinin da safe, ka ga kira nawa ne suka haɗu a lokaci guda, ka ƙara kaɗan a kai. Na ga ofis mai waya 60 da bai taɓa cika kira 12 ba.

Akwatin SIM kada ka jefar, bar biyu a ciki don ranar da mai haƙa kwalbati zai tsinke faiba. Amma ka duba sunan wa ke kan rajistarsu. Wani wuri lokacin rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba, aka tarar duk SIM ɗin ofis da sunan wani masinja suke, wanda ya daɗe da barin aiki.

Ɗan Sharaɗa

Ga yadda aka ƙare. SIP muka ɗauka a kan faibarsu, kira 15. Kafin su zo na sa sun turo mini komai ta imel: adireshin kira, adireshin sauti, irin sautin, da siffar lambar da za su riƙa turowa. Sun rubuta cewa da sifili za ta fara, ranar haɗawa sai ga ta da 234 a gaba, duk kira ya riƙa faɗawa teburin karɓar baƙi maimakon sashen da aka nufa. Da na nuna wa injiniyansu imel ɗin bai yi musu ba, nan take muka gyara.

Abu ɗaya ya rage. Muryar da ke cewa a danna 1 don sashen sayarwa tana fita lafiya, amma in mutum ya danna ba abin da ke faruwa.

Abban Sabuwar Fasaha

Shiga saitin layin, nemi wurin DTMF, wato yadda ake isar da lambar da mutum ya danna. In yana kan na cikin sauti mayar da shi RFC 2833, wasu akwatunan RFC 4733 suke rubutawa, duk ɗaya ne. In bai yi ba, tambayi injiniyansu lambar nau'in da suke turowa, galibi 101 ce. Ka gwada da layukan kamfanoni daban-daban kafin oga ya kai motoci wurin mai fenti.