Abin da Iyaye da Malamai Suka Ce kan Karatun Ɗan JSS

Da aka zauna tattaunawa kan yaran ƙaramar sakandare, kusan kowa ya yarda cewa matsalar ba ƙwaƙwalwa ba ce, lokaci ne. Yaro ya taso daga boko da rana, ya wuce Islamiyya, ya dawo ga aike, da dare kuma a ɗauke wuta. Yaushe zai buɗe littafi?

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce bayan sallar Asuba: gida shiru, kai a sake. Minti 25 na karatu, hutun minti 5, sannan a koma. Malaman lissafi suka ce darasi mai wuya shi ake fara kamawa, ba wanda yaro ya fi so ba.

An daɗe kan haddar dare ɗaya. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo. Don haka a duba darasi ranar da aka koya shi, a sake bayan kwana biyu, sai ƙarshen mako. Ɗan Islamiyya ya san wannan, tilawa ce kawai. Kuma maimakon kallon shafi, yaro ya rufe littafin ya faɗi abin da ya riƙe. A ganina wannan ta fi duk sauran amfani.

Kan waya kam ba a daidaita ba. Barci kuwa, likitoci na cewa awa 8 zuwa 10 ga mai shekara 13. 'Yan JSS3 su fara tsofaffin tambayoyin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, tun zangon farko.