A rufe layin dogo ɗungurungum, ko a riƙa gyara a ƙarshen mako?

Malam Sani: Jama'a, ni ra'ayina in za a gyara layin dogo, a rufe shi gaba ɗaya na 'yan watanni a huta. Haka aka yi a Jamus a 2024: Deutsche Bahn, kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, ya rufe layin Frankfurt zuwa Mannheim, kusan kilomita 70, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Disamba, aka sabunta dogo da sigina da wayoyin lantarki lokaci guda. Gyaran ƙarshen mako kuwa, kafin a kashe wuta a shigo da injuna dare ya raba, sannan a fara kwashe kaya saboda jirgin asubar Litinin. Aikin wata biyar sai ya ci shekaru.

Hajiya Binta: Malam, wata biyar fa ka ce! Mai zuwa aiki kullum ya yi yaya? Bas ɗin da ake kawowa madadin jirgi ai ba jirgi ba ne. Mai keken guragu, tsoho da jakunkuna, mace da goyo, a sauka nan a hau can, ga cunkoson titi. Kuma kuɗin tikiti yana nan yadda yake.

Aminu: Hajiya, mu masu aikin Asabar da Lahadi mun daɗe muna shan wannan. An ɗauka kowa hutu yake a ƙarshen mako. Ma'aikatan asibiti da masu gadi fa? Ina bayan Malam.

Zainab: Ni rufewar ba ta dame ni kamar ɓoye-ɓoyen ba. Ka sayi tikiti, sai ka iso tasha ka ji rabin tafiyar a bas za ka yi. Da an faɗa min tun wajen saye, da na canza rana.

Baba Audu: 'Yata ta taɓo inda ke ciwo. A ƙara da cika alkawari. A Disambar 2014 gyaran Kirsimeti a tashar King's Cross ta Landan ya zarce ranar da aka sa, aka tura fasinjoji wata tashar, Finsbury Park, ita kuma ta cika maƙil har aka rufe ta, mutane suna tsaye a waje cikin sanyi. To Malam Sani, in kwana kaɗan sun gagara, wa zai lamunce maka wata biyar?

Malam Sani: Baba, ai na Jamus ɗin an buɗe shi a Disambar da aka yi alkawari.

Hajiya Binta: To su rage kuɗin tikiti tsawon watannin, sai mu yi magana.