Muhawara: a sayo wa unguwa Starlink, ko a tsaya ga layukan da muka sani?

Sani (Jidda): Assalamu alaikum. Kawu Isa, Gwaggo Hauwa, yayyena, ina da magana a kan kuɗin da muka tara wa unguwa. Shawarata a sayi farantin Starlink guda, mai kamo intanet daga tauraron ɗan adam, a kafa a makarantar Malam Tijjani a Maiurno, can gida Sudan. Zan faɗa kai tsaye ko da wani zai ji haushi: kamfanonin waya na Zain da MTN da Sudani sun gama yayi. Duk shabakar da ke da turke a ƙasa, ranar da mai bindiga ya ga dama zai kashe ta. Mun gani a Fabrairun 2024, ƙasa guda ta yi tsit, aka ɗora laifin a kan RSF, dakarun da ke yaƙi da sojan gwamnati, tunda manyan na'urorin kamfanonin suna Khartum a hannunsu. Wanda bai mutu da yunwa a makonnin nan ba, faranti ne ya cece shi.

Malam Tijjani (Maiurno): Wa alaikumus salam. Sani, kafin a kafa mini abu a kan rufi, a fara tambayata ko ina so.

Sani (Jidda): Allah ya gafarta Malam, ai shi ya sa na kawo nan.

Injiniya Habu (Bur Sudan): Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce, amma rabin da ka bari shi ne mai nauyi. Abin da ya faru a 2024 ba mutuwar layukan waya ba ne. Matsalar ita ce an tara zuciyar kowane kamfani a gari ɗaya. Turakun da kake gani a Sinnar ko Gadarif ba su ke yanke hukunci ba, suna miƙa kira ne zuwa cibiya, cibiyar ce ke gane layinka ta haɗa ka da wanda kake nema. Cibiya ta tafi, turke ya zama ƙarfe kawai. Da Sudani ta tada wata cibiyar a nan Bur Sudan, sabis ya fara dawowa a gabas, Zain ma ta biyo baya. Kuma a nan ne wayoyin da ke ƙarƙashin teku suke fitowa, har da waɗanda suka haɗa mu da Jiddar da kake zaune. To abin da ya faɗi ya tashi, ta yaya za ka ce ya gama yayi?

Sani (Jidda): Yaya Habu, kai ma'aikacin turke ne, dole ka kare tuwonka. Yaƙi na ce kawai? A Yunin 2019, bayan watsa zaman dirshan na gaban hedikwatar soja, sama da wata guda babu intanet a waya. Akwai lauyan da ya kai ƙara ya ci, aka mayar masa da layinsa shi kaɗai, sauran jama'a suka ci gaba da jira. Oktoban 2021 aka sake rufewa makonni. Ko jarrabawar sakandare za a yi sai an ɗauke sabis na wasu awanni. Wannan ba RSF ba ce, umarni ne daga sama, kamfanonin kuma suka ce to. A Yulin 2025 aka toshe kiran murya da na bidiyo na WhatsApp. Wa aka tambaya?

Injiniya Habu (Bur Sudan): Ban musa ko ɗaya ba. Tambayata ita ce, shi Starlink ɗin wa yake tambaya?

Adamu (Niyala): Ku bari wanda ke rayuwa da abin ya sa baki. Mu a nan ba zaɓi muke ba. Layukan waya sun daɗe da barin mu, in ka ga mutum ya yi magana da ɗansa ko kuɗi ya shigo masa ta manhajar banki ta Bankak, to a gindin faranti ya zauna. Ta Chadi da Libiya ake shigo da su. Kasuwa kowane layi akwai mai shi, an ɗora a kan rumfa, ga batir ga sola. Wannan saƙon ma da shi na turo. Duk wanda ya ce a hana shi, ya zo ya kwana biyu a nan tukuna. Ina bayan Sani.

Zainab (Kano): Yaya Adamu, Allah ya kawo muku sauƙi. Amma Niyala daban, Maiurno daban. A Maiurno akwai sabis yanzu, ko ba haka ba Malam?

Malam Tijjani (Maiurno): Akwai, 'yata. Yana zuwa yana tafiya, galibi in wuta ta daɗe ba ta zo ba. Tunda soja suka karɓe Sinja a ƙarshen 2024 abin ya fi da.

Gwaggo Hauwa (Gadarif): Ni ban iya dogon rubutu ba, jikata ke buga mini. Sani ɗana, ka ce faranti ya cece mu. Haka ne, ya cece ni. Amma bari in gaya maka yadda ceton yake. Bayan RSF sun shiga Madani muka fake a wani ƙauye a Jazira. Faranti ɗaya ne a garin, yana hannun wasu masu bindiga, sun sa wani yaro da littafi yana rubuta suna da lokaci. Tun da hantsi za ka bi layi a rana. In ya zo kanka sai ka miƙa wayarka, shi zai buga lambar sirrin da hannunsa ya juya baya don kada ka gani, awa na cika ya cire ka ko kana tsakiyar magana. Kuma ba inda za ka matsa, sai nan kusa da su, suna zaune a kan mota suna jin duk abin da kake cewa. Mu Allah ya taimake mu da Hausa muke yi, sai su tsare mu da ido. Wata maƙwabciyata Balarabiya mijinta ya turo mata kuɗi daga Riyad, ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi, kafin magariba an je gidanta. In kuɗin ya shigo Bankak kuma, a wajen mutanensu za ka mayar da shi takarda, su yanke nasu. Ka biya ka shiga, ka biya ka fita. Rijiya ce a cikin gidan mutum ɗaya, ranar da ya ga dama ya ja ƙyaure. Ban ce kar a saya ba, ku ne masu ilimi. Amma kar a ce mini babu mai iya kashe shi.

Sani (Jidda): Gwaggo, Allah ya isar miki. Amma ai wannan shi ne dalilina. Da unguwa na da nata, da ba ki je wajensu ba.

Gwaggo Hauwa (Gadarif): Da unguwa na da nata, da shi za su fara ɗauka, su haɗa da wanda aka samu a gidansa.

Malam Tijjani (Maiurno): To ka ji abin da ya sa na ce a tambaye ni.

Injiniya Habu (Bur Sudan): Gwaggo ta faɗi na ƙasa, bari in faɗi na sama. Starlink ba shi da lasisi a Sudan. Duk farantin da ke aiki a nan an yi masa rajista ne a wata ƙasa, yana aiki a matsayin na matafiyi. A Afrilun 2024 kamfanin ya aika wa masu amfani da shi saƙo cewa zai yanke sabis a ƙasashen da ba a ba shi izini ba, har ƙungiyoyin agaji da dama suka haɗu suka yi kira kada a jefa Sudan cikin duhu. Ba a yanke ba, mun gode Allah, amma lura: roƙo aka yi. Babu kotu, babu hukuma, babu ofishin da za ka je ka buga tebur. Lauyan 2019 da ka ambata, ko ba komai ya samu alƙalin da zai saurare shi a Khartum. Kuma Elon Musk da bakinsa ya faɗa a 2023 cewa Yukiren ta nemi ya kunna sabis a kusa da Kirimiya ya ƙi. Ko ka ce ya yi daidai ko bai yi ba, mutum ɗaya ne ya yanke.

Zainab (Kano): Nan ne maganar lasisi take da amfani. Najeriya ce ƙasar farko a Afirka da Starlink ya fara aiki, Janairun 2023. A 2024 suka wayi gari suka ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, hukumar sadarwa ta NCC ta ce ba da izininta ba, suka dakatar. Daga baya an yi ƙarin dai, amma aƙalla akwai wanda ya ce musu tsaya. Sannan a Legas da Abuja har rufe karɓar sabbin mutane suka yi saboda an yi musu yawa. Abin da ya kasa ɗaukar masu kuɗin Legas, shi zai maye gurbin layin kowa da kowa a Sudan?

Sani (Jidda): Legas cunkoso ce. Maiurno fa? Mutum nawa ne za su hau?

Injiniya Habu (Bur Sudan): A ƙauye zai yi gudu, wannan ba gardama. Taurarin suna kusan kilomita 550 ne a sama, ba kamar tsofaffin da ke can wajen kilomita 36,000 ba, shi ya sa magana ba ta jinkiri. A matsayin na'ura ina son abin, na taɓa kafa wa wani asibiti. Amma faranti ɗaya wifi yake bayarwa, iyakarsa tsakar makaranta da ɗan abin da ya tsallaka katanga. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a bakin kogi ba za ta taso ta zo makarantar Malam ta kira mota ba. Ƙaramar wayarta mai maɓalli da layin jinai kaɗan, kuɗinmu na Sudan, ita za ta yi mata aiki. Kuma abin yana cin wuta, wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfurinsa, dare da rana. Ga kuɗin wata da dala. Bana mun tara, baɗi wa zai biya?

Adamu (Niyala): A nan masu shi da kuɗin awa suke biya, har riba suke ci.

Malam Tijjani (Maiurno): Wato in zauna da littafi ina rubuta suna ina cire mutane in awa ta cika. A'a, Adamu.

Zainab (Kano): Akwai ma wani abu. Ranar da na canza waya, manhajar banki ba ta buɗe ba sai da aka turo lamba ta saƙo zuwa layina na Sudan, sai da na sa aka karanto mini daga gida. WhatsApp ɗin da muke wannan gardama a kai ma da lambar waya aka buɗe shi. Yaya Sani, in layukan sun gama yayi, da me ka shigo nan?

Sani (Jidda): Da layin Saudiyya, malama.

Zainab (Kano): Wanda shi ma turke ne a ƙasa. Kuma gaya mana, a gidanka na Jidda akwai faranti?

Sani (Jidda): Babu. Izinin Starlink da aka sanar a Riyad a Mayun 2025 na jiragen sama da na ruwa ne. Amma ni me zan yi da shi, ga fayiba ga 5G? Inda abu ke aiki ba a neman madadinsa. Mu ne abu ba ya aiki. Kuma Yaya Habu, wayoyin tekun da kake alfahari da su, a Satumban 2025 wasu sun tsinke a kusa da nan, intanet ya yi nauyi har Indiya da Pakistan. Ko sojan da kansu, da aka ɗauke sabis a Umdurman, me suka kafa wa mutane? Starlink. Chadi ta ba shi izini, Nijar ta bayar, Sudan ta Kudu ta bayar. Mu kaɗai ne masu wayo?

Injiniya Habu (Bur Sudan): To yanzu ka dawo hanya. In cewa kake gwamnati ta ba shi lasisi ya zama na ko-ta-kwana, hannuna biyu a sama. Da farko cewa ka yi sauran sun mutu.

Sani (Jidda): Har yanzu ina kan bakana. Suna numfashi ne da izinin wani.

Kawu Isa (Kasala): Ya isa haka. Na karanta duka tun daga sama. Sani, kana da zafin kishi, Allah ya yi maka albarka, amma kai kana Jidda, wanda za a ƙwanƙwasa wa ƙofa yana Maiurno. Ba za mu sa kuɗin jama'a a abin da hukuma ba ta halatta ba, a zo a kwashe shi a tafi da malami. Malam, me makaranta ta fi buƙata?

Malam Tijjani (Maiurno): Wuta, Kawu. Ko sabis ya zo, rabin unguwa wayoyinsu a mace suke. Yara har kasuwa ake aikensu su kai caji su biya.

Injiniya Habu (Bur Sudan): Sola da batir mai kyau da allon caji, sai ƙaramar na'urar wifi mai cin layi biyu na kamfani daban-daban, a ɗaga eriyarta sama. In ɗaya ya ɗauke, ɗaya na nan. Ranar da aka ba Starlink lasisi, wutar da zai ci tana jiransa. Zan tambayo farashi a kasuwa gobe in Allah ya kai mu.

Adamu (Niyala): Ranar da biyun suka ɗauke tare za ku tuna da ni.

Sani (Jidda): Ni dai a rubuta cewa ban yarda ba. Kasona na nan, a sa a sola. Amma Kawu, a ware wani abu a ajiye da riyal a wajena, kar jinai ya cinye shi kafin lasisin ya fito.

Kawu Isa (Kasala): An rubuta. Maganar riyal sai Gwaggonka ta amince, ita ce ma'aji.

Gwaggo Hauwa (Gadarif): Ya fara turo rasit ɗin kuɗin watan jiya tukuna.