Neman shawara: surukina ya ce in zana wa zuri'arsu tambari

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mutumin Maraɗi ne, ina zaune a garin Caraquet na lardin New Brunswick a Kanada. Matata 'yar Akadiya ce, jikokin Faransawan nan da Turawan Ingila suka kora daga gonakinsu a 1755, aka loda su a jiragen ruwa aka watsa su uwa duniya. Surukina masunci ne, gadon kaka da kakanni. Da yake zane ne sana'ata, jiya ya kama hannuna da nasa hannun da igiya ta gama cinyewa, ya ce ni yake so in zana wa zuri'arsu tambari kafin bikinsu na 15 ga Agusta. Yana son jirgin ruwa da tauraro. Tauraron ne ya tsaya mini a rai, don a wurinsu alamar Nana Maryamu ce, mai yi wa matuƙan jiragen ruwa jagora a teku. Ba na son in ɓata wa dattijon nan rai. Yaya zan yi?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Batun halacci ka kai wa malaminka, ni tarihi zan faɗa. Tauraron nan mai ruwan ɗorawa tun 1884 yake kan tutarsu, lokacin da suka yi taro a garin Miscouche na Kanada suka ɗauki tutar Faransa suka ɗora shi a ɓangaren shuɗi. Mutanen da aka raba da ƙasarsu, da shi suke gane juna. In ka cire shi, tsohon zai ga kamar sunan gidansu ka goge.

Hajiya Rabi:
Ƙanina, ka bar jirgin littafi. Je ka bakin ruwa ka zana nasa, wanda ya ci da 'ya'yansa da shi. Sannan tambarin Turawa yana da ƙa'ida: ba a ɗora launi kan launi, sai dai fari ko ruwan ɗorawa a kan shuɗi ko ja. In suna son rajista, akwai hukumar tambura a Ottawa tun 1988.

Baban Amira:
Na gode, Hajiya, Allah ya saka. Malam, bayan Juma'a zan ga liman. Jirgin kuwa gobe da asuba zan bi shi bakin ruwa da takarda da fensir.