Wa ya taɓa raka waƙar Littafin Waƙoƙi da jita kaɗai?

Ɗan Kabong: Salama 'yan'uwa. Ran Lahadi ana cikin sujada aka ɗauke wuta, janareta ba mai, kibod ya yi tsit, sai fasto ya waigo ya ce ɗana ɗauko jitar nan. Waƙa ce fa da na sani tun ina Sande Sukul amma gaskiya na sha kunya, ina kaɗa ɗaya biyu uku huɗu irin na korus, jama'a na gabas ni ina yamma, a aya ta biyu na saki hannu kawai na sunkuyar da kai. Wa abin nan ya taɓa samu?

Tsohon malamin kwaya: Ɗana ba hannunka ba ne, ƙirge ne. Da yawa cikin tsofaffin waƙoƙin nan bugu uku ne ba huɗu ba. Babban yatsa ya taɓa waya mai kauri sau ɗaya, sai ka share ƙasa sau biyu, dum ca ca, dum ca ca. Kuma da ogan aka saba rera su, shi ya sa ake yawan cin karo da A filat da E filat. Kar ka wahalar da yatsunka, ɗaura kafo, ɗan abin nan da ke matse wayoyin jita a wuyanta, a gaɓa ta 1, ka kama G ka samu A filat, ka kama D ka samu E filat. Do, fa, so za su kai ka gida a yawancinsu, wato G, C da D. Ni haka na yi shekaru a cocin COCIN kafin kibod ya cika gari.

Na Tudun Wada: Ni hunturu ne ya yi min tsiya. Disamba, waƙoƙin Kirsimeti gida gida da dare, na saita jita a ɗaki lafiya lau, muna fita waje wayoyi suka canza murya, yatsu sun ƙage da sanyin Jos, katakon ma ya bushe har bakin ƙarafunan nan na gaɓa suna kartar min hannu. Yanzu sai ta sha iskar waje kamar minti goma kafin in saita.

Mamar Zumunta, Bukuru: Ku yaran jita matsalarku sauri. A wani zaman makoki yaro ya dinga gudu kamar zai kama motar Taminus, mu kuwa waƙar ta'aziyya jan ta muke, ƙarshen layi sai mun numfasa. Wata tsohuwa ta dafa kafaɗarsa ta ce jira mu mana jikana. Mai kaɗa tulu bai taɓa barinmu a baya ba.

Ɗan Kabong: Mama na karɓi laifi. Baba kafo ɗina ya ɓata tun bara, kuma Laraba akwai addu'ar gida, yaya zan yi?

Tsohon malamin kwaya: Fensir da robar ɗaure kuɗi guda biyu. Ka matse sosai dai, in ba haka ba waya za ta dinga zizza.