Me ya sa wanda aka yi wa ƙeta ne ke fita waje bayan an duba shi?

Ɗan Tsakiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman masana dokar ƙwallo su warware mini wani abu. Za a taka ɗan wasa ya faɗi, likitoci su shigo su duba shi, ya miƙe garau, sai alƙalin wasa ya nuna masa hanyar waje. A ci gaba da wasa ƙungiyarsa na da mutum goma, wanda ya taka shi kuma yana ciki. Wani lokacin kuma sai a duba mutum a bar shi a fili. Doka ce ta bambanta, ko kuwa kowane alƙali da ra'ayinsa? Kuma wa ke ba shi izinin dawowa?

Mai Usur:
Wa alaikumus salam. Doka ce, tana cikin Doka ta 5 ta littafin da IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ke fitarwa. Asalin hukuncin shi ne ba a yi wa ɗan wasa magani a cikin fili. Alƙali zai tambaye shi ko yana buƙatar likita. In ya ce a'a ya tashi da kansa, ba tare da an tsayar da wasa saboda shi ba, babu zancen fita. In kuwa alƙali ya yafito likitoci ko masu gadon ɗaukar majinyata suka shigo, to fita ta wajaba, ko a kan gadon ko da ƙafarsa. Wanda ya turje ya ƙi fita katin gargaɗi ne hukuncinsa. Dalilin kafa dokar a bayyane yake: a hana ƙungiyar da ke kan gaba kwanciya tana cinye lokaci.

Wuraren da aka ɗauke wa ɗan wasa fita ƙididdigaggu ne. Mai tsaron gida ba ya fita, domin wasa ba ya yiwuwa babu gola. In gola ya yi karo da wani ɗan wasa, dukansu na buƙatar a duba su, duka biyun a ciki za a duba su. Haka in 'yan ƙungiya ɗaya suka yi karo da juna, don kada a rage musu mutum biyu a lokaci guda. Sai mummunan rauni, irin karaya ko suma, wanda ba a gaggawar ɗaga mutum. An ƙara biyu daga baya. A 2016 aka ce in ƙetar da ta jawo raunin ta sa an ba abokin hamayya katin gargaɗi ko jan kati, za a iya duba mutum a bar shi a ciki, muddin an gama da sauri. Jagorar da ake ba alƙalai tana cewa kamar daƙiƙa 20 zuwa 25. A 2019 kuma aka ƙara cewa in an ba da fenareti, kuma wanda ya ji ciwon shi ne zai buga, ba zai fita ba.

To abin da kake gani ke nan, malam. In an busa ƙeta amma ba a ɗaga kati ba, wanda aka taka zai fita. In an ɗaga kati, yana iya zama.

Dawowa kuwa sai an ci gaba da wasa, kuma alƙalin tsakiya ne kaɗai ke ba da izini. In ƙwallo na yawo, ta layin gefe kawai zai shigo. In ƙwallo ta fita, zai iya shigowa ta kowane layi, har da na bayan raga.

Baban Gola:
Bayanin Mai Usur daidai ne, zan ƙara inda 'yan wasa suka fi yin kuskure. Na farko, shigowa ba tare da izini ba. Mutum na tsaye a bakin layi yana ɗaga hannu, ya ga ana kai wa ƙungiyarsa hari, sai ya faɗo fili. Wannan katin gargaɗi ne. In ya taɓa ƙwallo ko ya tare wani, bugun tazara ne na kai tsaye daga inda ya yi katsalandan ɗin, wato in a cikin yadi na 18 ɗinsu ne ya jawo fenareti. In bai taɓa komai ba kuma alƙali ya tsayar da wasa, bugun tazara ne wanda ba a cin ƙwallo da shi sai wani ya taɓa, daga inda ƙwallon take. Alƙali mai hankali kuma ba ya yafito mutum a lokacin da ƙwallo ke kusa da shi, domin zai ɓullo wa abokin hamayya ta baya bai san da shi ba. Shi ya sa wani lokacin za ka ga an bar shi yana ta tsalle a bakin layi, ba mantawa aka yi da shi ba.

Na biyu, jini. Wannan babu ruwansa da kati ko rashin kati. Mai zubar da jini dole ya fita, kuma ba zai dawo ba sai an tabbatar jinin ya tsaya, babu shi a riga, wando ko safa. In rigar ta ɓaci sai ya sake wata.

Akwai kuma batun satar gida da mutane ba su cika lura da shi ba. Mai tsaron baya da ya fita da izinin alƙali don a yi masa magani ba a lissafa shi. Amma wanda ya mirgina ya fice ta bayan raga da kansa, ba izini, ana ɗaukarsa tamkar yana tsaye a kan layin, don haka maharin da ke gaban gola bai yi satar gida ba.

Ɗan Tsakiya:
Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ina ganin akwai cutarwa. Ƙeta nawa ce ake yi mai zafi ba a ba da kati? Sannan ga shi yanzu ana tsare mutum a waje yana jiran agogo.

Malamin Atisaye:
Kokenka na da tushe, ɗan'uwa, kuma jiran agogon ya ƙara masa nauyi. Gasar Firimiya ta Ingila ta fara tsare wanda aka duba na daƙiƙa 30 a kakar 2023/24. Gasar MLS ta Amurka ta fi tsanani: daga 2024, wanda ya kwanta fiye da daƙiƙa 15 har likitoci suka shigo zai yi minti biyu a waje, ban da raunin kai, raunin gola, da ƙetar da aka ba wa kati. A taronta na Fabrairun 2026 IFAB ta amince wanda aka duba ya yi minti ɗaya a waje bayan an ci gaba da wasa. Minti ɗaya ba ƙaramin abu ba ne in bugun kusurwa za a yi muku kuma dogon mai tsaron bayanku ne a waje. Shi ya sa koci ke sa ɗan tsakiya ya koma ya toshe gurbin har mutumin ya dawo.

Duk da haka ina goyon bayan tsarin, saboda alƙali ba likita ba ne, ba shi da hanyar gane mai ciwon gaske da mai wasan kwaikwayo. Wanda ya ji ciwo da gaske dama yana buƙatar wannan mintin. Wanda ke neman cinye lokaci kuwa zai yi tunani kafin ya kwanta. Abin da ya fi damuna shi ne akasin haka: mai ciwon gaske ya daure ya ƙi kiran likita don kada a rage musu mutum. A raunin kai wannan haɗari ne babba. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014 Christoph Kramer na Jamus ya bugu a kai, ya ci gaba da wasa na ɗan lokaci a ruɗe kafin a cire shi. A Qatar a 2022, golan Iran Alireza Beiranvand ya yi karo da ɗan ƙungiyarsu Majid Hosseini a wasansu da Ingila, aka daɗe ana duba shi a cikin fili, hancinsa na jini, aka bar shi ya ci gaba, jim kaɗan ya sake zubewa aka ɗauke shi. Minti 14 aka ƙara a wannan zagayen na farko. Tun Yulin 2024 doka ta ba gasanni damar ƙarin canji ɗaya na dindindin saboda buguwar kai, ba ya cikin canji biyar ɗin da aka saba yi, kuma ɗaya ɓangaren ma yana samun ƙarin canji.

Ɓarakar da ta rage ita ce ta gola. Tunda ba ya fita, shi ake sa wa ya zauna ya riƙe cinya, sauran goma su ruga wurin koci su karɓi umarni.

Mai Usur:
Gaskiya ne, kuma abin da ke hannun alƙali a nan shi ne ya lissafa lokacin ya ƙara a ƙarshe, kamar yadda Doka ta 7 ta ce. Ƙarin abu biyu ga masu busa wasa. In wanda ya ji ciwon shi ma ya cancanci kati, a nuna masa kafin ya bar fili. In kuma saboda raunin kawai aka tsayar da wasa, ba a busa ƙeta ba, alƙali ne zai saki ƙwallo da hannunsa: in tana cikin yadi na 18 golan wannan gidan ake sakar wa, in a waje take a sakar wa ɗan ƙungiyar da ke riƙe da ita, kowa kuma ya ja baya mita 4 har ta taɓa ƙasa.